Ciki Bawa Ne, Kada Ya Zama Ubangida

Gaisuwa ta musamman ga matan Zumunta na ikilisiyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, waɗanda na san yanzu haka wata tana gindin murhu, wata tana tankaɗe, rediyo na rataye a jikin danga. Maƙwabtanmu Musulmi da ke bin wannan fili, ku ma barkanku da zuwa, ku matso kusa, domin zancen yau zancen tukunya ne, tukunya kuwa babu gidan da ba a ɗora ta.

Yau za mu tattauna ne a kan zarin ci, wato cin abinci fiye da kima, da abin da addininmu na Kirista ya koyar a kansa, da kuma yadda uwargida za ta tsara abincin gidanta domin lafiyar iyali.

Na san tun ban yi nisa ba wata ta riga ta ce a ranta, "Haba baiwar Allah, a wannan marra da muke ciki, wa ya ƙoshi balle a yi masa wa'azin rage ci?" Gaskiyarki, Mama. Mu a wannan yanki mun ga abin da ya fi ƙarfin baki. Shekara da shekaru 'yan bindiga sun hana manoma da dama zuwa gonakinsu na nesa, ƙauyuka sun tashi, mutane sun baro rumbunansu sun koma zaman alfarma a Funtuwa da Malumfashi da cikin garin Ƙanƙara. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2023 aka cire tallafin man fetur, a 2024 kuma farashin tiyar masara da ta shinkafa ya yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayar da rahoton cewa a cikin watanni 6 na farkon 2025, yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina sanadiyyar tamowa. 'Ya'yanmu ne fa waɗannan.

To, wannan halin shi ne ma ya sa maganar ta zama dole. Yunwa da cin wuce kima a gari ɗaya suke zaune, a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi a majami'a, wani lokaci ma a gida ɗaya suke kwana. Ki duba da kyau, za ki ga gidan da maigida ya ajiye tumbi yana fama da hawan jini, ga kuma ɗan shekara biyu a tsakar gida hannuwansa kamar tsinke, gashinsa ya yi ja. Tukunya ɗaya ake kwashe musu. Abin da ya raba su shi ne yadda aka kasa abincin da irin abin da kowa ya samu. Haka yake a duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutanen da ke fama da matsananciyar ƙiba sun haura biliyan 1, alhali ɗaruruwan miliyoyi suna kwana da yunwa.

Bari mu fara da abin da ya kamata kowa ya riƙe. Abinci kyautar Allah ne, jin daɗinsa kuma ba zunubi ba ne. Manzo Bulus ya koya wa Timoti, a wasiƙarsa ta farko sura 4, cewa abin da Allah ya halitta mai kyau ne in an karɓe shi da godiya. Ubangijinmu kansa ya halarci biki a Kana ta Galili, ya ci abinci a gidajen mutane har masu ƙinsa suka yi masa sharrin cewa shi mai zarin ci ne, kamar yadda Matiyu sura 11 ta nuna. Saboda haka kada wata ta ji wannan shiri ta ce an hana ta shinkafar Kirsimeti ko kazar Ista. A ci, a gode wa Allah. Inda matsalar take shi ne lokacin da ciki ya tashi daga matsayin bawa ya hau kujerar ubangida, shi ke ba da umarni ke kina bi. A Filibiyawa sura 3 Bulus ya yi magana da hawaye a kan mutanen da suka mayar da cikinsu abin bautarsu. Magana ce mai nauyi ƙwarai, domin ta ajiye zarin ci kusa da bautar gumaka.

Shugabannin ikilisiya na dā sun yi nazarin wannan abu sosai. Paparoma Giregori Babba, wanda ya shugabanci ikilisiyar Roma daga shekara ta 590 zuwa 604, ya lissafa zarin ci cikin manyan zunubai, ya kuma nuna cewa ta ƙofa biyar yake shigo wa mutum. Ki saurara, ki ga ko akwai wadda take a buɗe a gidanki.

Ƙofa ta farko ita ce ci tun lokaci bai yi ba. Wannan ita ce cutar masu girki. Kina suya kina jefawa a baki, ɗanɗanon gishiri ya zama ɗanɗano bakwai, kafin a sauke tukunya kin riga kin ci rabon mutum guda, sannan ki zauna ki ci naki kason. Haka mai talla ko mai shago, bakinta ba ya hutawa daga ƙosai zuwa cincin zuwa lemon kwalba, ba don yunwa ba, don dai abin yana gabanta.

Ta biyu ita ce raina abin da Allah ya ba ka, da nacin sai mai tsada. Littafin Ƙidaya sura 11 ya ba mu labarin Isra'ilawa a jeji. Allah yana sauko musu da manna kowace safiya, amma suka yi ta gunaguni suna tuna kifi da albasa da kankanar Masar, suka ce su nama suke so. Aka ba su makware har suka rasa inda za su sa, annoba ta faɗa musu nama yana bakinsu, aka binne mutane a wurin, aka sa wa wurin suna mai ma'anar kaburburan kwaɗayi. Mu Hausawa mun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Yau za ki ga mace ta kai waken soya da gyaɗa da ƙwan kajinta kasuwar Sheme ko ta Ɗandume ta sayar, ta sayo taliyar leda da lemon kwalba, wai ita ta ci gaba. Ta sayar da mai gina jiki ta sayo mai cika ciki.

Ta uku ita ce tsirfa, wato abinci ba ya ciwuwa sai an yi masa wani salo na musamman. Misalin da aka bayar shi ne na 'ya'yan Eli firist a 1 Sama'ila sura 2, waɗanda suka ƙi dafaffen naman hadaya, suka ce sai a ba su ɗanye su gasa yadda ransu ke so, ko da ƙarfi ne. A gidajenmu wannan ita ce miyar da ba ta shiga baki sai mai ya kwanta a kanta kamar tafki, sai an jefa dunƙulen magi biyar, sai an soya abin da dafawa ma ta ishe shi.

Ta huɗu ita ce yawan da ya wuce buƙata. In aka ambaci Saduma, kowa tunaninsa wuri ɗaya yake zuwa. Amma ki buɗe Ezekiyel sura 16 aya 49, za ki ga annabi ya lissafa girman kai da ƙoshi da zaman jin daɗi cikin laifofinta, tare da ƙin taimakon matalauta da mabukata. Kin ga ashe ƙoshin da ya rufe wa mutum ido daga ganin mai yunwa, laifi ne da Allah yake lissafawa.

Ta biyar ita ce rawar jiki a kan abinci. Isuwa ya dawo daga farauta a gajiye, ya tarar da ƙanensa Yakubu ya dafa fate, ya sayar masa da matsayinsa na ɗan fari saboda akushi guda. Farawa sura 25 ke nan. Abincin ba mai tsada ba ne, ba shi da yawa, amma gaggawar ciki ta sa ya yi asarar da bai iya maidowa ba. Mu duba kanmu a wurin biki da taron suna da bikin godiya na kaka, yadda ake ture juna a kan kular shinkafa, wata ta ci, ta cika leda, ta ɓoye wata a jaka, tsofaffi da baƙi suna zaune ba su samu ba. Wannan ba sabon abu ba ne. A 1 Korantiyawa sura 11 Bulus ya tsawata wa ikilisiyar Koranti a kan haka, domin a wurin cin abincin zumunci waɗansu suna rigan ci su yi dam, waɗansu su tashi da yunwa. Ya ce musu wannan wulaƙanta ikilisiyar Allah ne da kunyata marasa shi.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwar da kowa ya sani a kan wannan, ta raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Kun ga ke nan a kan wannan batu bakinmu ɗaya a unguwa.

Yanzu mu juyo ga jikin kansa. A 1 Korantiyawa sura 6 an koya mana cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, ba mallakarmu ba ne, amana ce. Ranar Asabar mu mata muke share majami'a, mu goge bencina, ba za mu yarda wani ya zubar da shara a gaban bagade ba. To, me ya sa za mu yarda mu riƙa tula wa wannan haikalin abin da zai rushe shi?

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk tuwo da shinkafa da burodi da sukarin da muka ci, jiki yana mayar da su sukari a cikin jini domin mu sami ƙarfin aiki. Abin da aiki bai cinye ba, sai jiki ya mayar da shi kitse ya adana, musamman a ciki da kewayen hanta. In kitsen nan ya taru, sinadarin insulin da ke shigar da sukari cikin tsoka ba ya aiki yadda ya kamata, sai sukari ya yi ta yawo a jini. Mafarin ciwon suga ke nan, wanda in ya daɗe yakan taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, har ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyi, zuciya ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta. Hawan jini ba ya sallama. Mace tana tafe lafiya lau, sai a ji ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, a ce jifa ne ko iska, alhali shekara da shekaru abin yana taruwa. Iyayenmu na dā sun ci tuwo da yawa, haka ne, amma su suke daka, su suke niƙa a dutse, su je rafi, su je gona. Yanzu inji ke niƙa, babur ke kai mu ko nan da can, amma malmalar tuwon ba ta ragu ba, ga kuma sukari da mai sun ƙaru.

A nan ina so in ja kunnenmu a kan abu biyu da suka shafe mu mata kai tsaye. Na farko shi ne ɗaukar ƙiba a matsayin shaidar cewa miji yana kula da mace. Saboda wannan tunani 'yan mata da amare suke shan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe domin su ciko kafin biki. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi magunguna ne masu ƙarfi, irin su deksametason, da likita ke bayarwa don wata cuta ta daban a kan ƙa'ida. In aka sha su barkatai sukan kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su tayar da hawan jini da suga, su raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da kike gani kumburi ne, 'yar uwa. Iyaye mata da shugabannin Zumunta, in ana shirya amarya ku sa ido a kan wannan.

Na biyu shi ne jego. Mai jego tana buƙatar abinci mai kyau, babu musu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma kunun kanwa da ake ɗura mata safe da yamma har kwana arba'in, a yi hattara da shi. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a wannan ɓangare namu, suka kuma ja hankali a kan yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti ranar nan, kada a ce sai an gama wanka.

Kada kuma wannan magana ta zama sandar dukan masu jiki. Ba kowace mai ƙiba ce mai zarin ci ba. Akwai gado, akwai haihuwa, akwai cuta, akwai magungunan da ke sa jiki. Akwai kuma siririyar da in ta zauna gaban akushi sai kin tausaya wa akushin. Allah zuciya yake dubawa. Haka nan akwai 'yar uwar da damuwa ce ke sa ta ci. An kashe mata miji, ko an ɗauke mata ɗa, ko ta baro gidanta da gonarta, barci ya ƙaurace mata, sai ta riƙa neman sanyin rai a bakin tukunya. Irin wannan ba ta buƙatar gori. A ziyarce ta, a zauna da ita, a yi addu'a tare, a saurari abin da ke cinta.

To, uwargida, me za ki yi daga yau? Ki tuna da Daniyel da abokansa uku a fadar Sarki Nebukadnezzar a Babila. An ware musu abinci daga teburin sarki, suka roƙa a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa kawai, bayan kwanakin aka ga sun fi sauran samari kyan jiki. Dalilinsu na kiyaye dokar Allah ne, amma darasin ya ishe mu. Abincin talaka in an haɗa shi daidai ba abin rainawa ba ne. Mu kuwa Allah ya ba mu ƙasa mai albarka a nan kudancin Katsina. Muna noma masara da dawa da gero da wake da waken soya da gyaɗa, ga zogale a bayan ɗaki, ga rama da yakuwa da alayyafo da tafasa, ga kuka da kuɓewa da kabewa.

Ki raba kwanon babban mutum gida huɗu a idonki. Kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko dambu, kashi ɗaya kuma mai gina jiki, wato wake ko awara ko ƙwai ko kifi ko nama in ya samu. Mu abin da muka saba shi ne dutsen tuwo da ɗigon miya. A juya shi, miya ta yi yawa ta yi kauri da ganye, tuwo ya ragu. Mai noma da mai dakon kaya da mai ciki da mai shayarwa, su kasonsu ya fi haka, domin jikinsu yana cinyewa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da ganye, ɗanwake, dambun zogale, duk abinci ne na gari. Wajen surfe kuma kada a cire dusa ƙarƙaf har gari ya yi fari fat, domin a dusar nan akwai abin da ke rage saurin hawan sukari, ya kuma hana bushewar ciki.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda da dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. In kin sa magi, ki rage gishiri. Ki koma ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen mutan gida zai saba. Sukari kuma, hukumar ta ce kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini ga babba, in an tsaya a 6 ya fi. Waɗansu kwalaben lemon zaƙi masu rabin lita suna ɗauke da cokali 10 ko fiye, kwalba guda ke nan ta kusa cinye rabon yini. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun ayan da muke yi a gida ma, in aka zuba musu sukari da gwangwani, sun zama abu ɗaya da na kwalba. Ki ba yara mangwaro da gwaiba da gwanda da lemon ɓawo da kankana a lokacinsu, ga kuma ruwa mai tsabta. Mai, a auna shi da cokali, a daina tuntsura kwalba, man suyan da ya yi baƙi kuma a daina maimaita shi.

Ki zauna ki ci a natse, ki tauna sosai. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai haɗiya da sauri yakan wuce iyaka kafin ya ankara. Karin Magana sura 25, wadda waɗansu juyi ke kira Misalai, ta yi gargaɗi cewa ko zuma ka samu, ka sha daidai, in ta yi yawa amai za ta sa ka. Abincin dare a ci da wuri, kada a ɗora tuwo mai nauyi a faɗa shimfiɗa nan take. Wadda aikinta na zama ne, mai ɗinki ko mai shago ko ma'aikaciyar ofis, ta nemi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya. In ya haura inci 35 ga mace marar juna biyu, lokacin gyara ya yi. In kin kai shekara 40, ko akwai mai hawan jini ko suga a danginku, ki riƙa zuwa asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa ana auna ki. In awon jini yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ki ga likita. Wadda aka ɗora a kan magani ta ci gaba da sha tana addu'a, domin Allahn da muke roƙo shi ya ba likita sani.

Maganar azumi kuma. Waɗansunmu suna azumin kwana 40 kafin Ista, waɗansu ikilisiyoyi suna yi a farkon shekara. Azumi makarantar kamun kai ce, kamun kai kuwa yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa sura 5. Amma wadda ta wuni ba ta ci ba, da yamma ta rama na safe da na rana da na gobe, me ta koya wa cikinta? Annabi Ishaya a sura 58 ya nuna cewa azumin da Allah yake so ya haɗa da raba abincinka da mayunwaci. Abin da kika rage a tukunya ranar azumi, rabon wani ne. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin suga kuma, kada su shiga azumi sai sun nemi shawarar likita.

Wannan ya kawo mu ga rabon abinci a cikin gida, wanda a hannunki yake, uwargida, tunda ke ke riƙe da mara da ludayi. Mun gaji al'adar cewa tsoka da ƙwai na maigida ne, yara kuwa romo da ƙashi. Girmama miji wajibi ne, babu mai ja. Amma yaro daga wata 6 zuwa shekara 2, a lokacin ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suke ginuwa, abin da ya rasa a wannan tsakani da wuya ya maido shi. Wata 6 na farko nonon uwa zalla, bayan nan a ci gaba da nono a haɗa da kunu mai kauri na gero ko dawa da aka niƙa tare da soyayyen waken soya da gyaɗa, a riƙa ba shi ƙwai da wake da ganye. A zuba wa ƙaramin yaro nasa a kwanonsa daban, domin in ya sa hannu da manyan yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce. Iyayenmu maza da ke saurare, na san kuna ji ko da kun yi kamar ba ku ji ba. Baba, ƙwan nan guda da za ka ƙara a kan biyun da ka ci, a jikinka kitse zai zama, a jikin autanka kuwa ƙwaƙwalwa zai zama.

Daga gida sai maƙwabta. Mai arzikin nan na Luka sura 16 ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya kashe kowa ba. Yana shagalinsa kullum, Li'azaru yana kwance a ƙofar gidansa yana marmarin ɓarɓashi, bai taɓa ɗaga ido ya gan shi ba. A Fitowa sura 16, waɗanda suka ɓoye manna fiye da buƙatar yini sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Ubangijinmu kuma, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai suka tattara ragowar har kwando 12 domin kada kome ya lalace. Saboda haka ina roƙon matan Zumunta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a taronku na wannan mako ku zauna ku yi shawara. In za a yi biki ko bikin godiya, a fara zuba wa tsofaffi da yara da baƙi, a naɗa masu rabo, a dafa daidai jama'a. Kowace mace ta riƙa ɗebe ɗan hannu guda na hatsi duk ranar da za ta ɗora tukunya, ta tara, a kawo ƙarshen wata a kai wa gwauraye da marayu da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikinmu, Kirista ne ko Musulmi, domin yunwa ba ta tambayar addini. Kowa ya ci shi kaɗai, in ji Hausawa, shi kaɗai zai mutu.

Lokaci ya yi mana halinsa. Bari mu rufe da addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin abincin da kake ba mu. Ka ba mu kamun kai a gaban akushi, ka ba mu ido mai ganin mayunwaci, ka warkar da masu fama da hawan jini da ciwon suga, ka raya yaranmu da ke kwance saboda tamowa. Ka maido da salama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasarmu baki ɗaya, manoma su koma gonakinsu ba tare da tsoro ba. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.